Lokacin Yi Wa Itace Aski: Abin Lura A Lambunan Kontagora

Duk matafiyin da ya shigo Kontagora cikin watan Janairu, ko ta hanyar Tegina ya biyo, ko ta Mokwa, ko kuwa daga Yawuri ya gangaro, abin da zai fara tarar da shi shi ne hazo. Hunturu ya busa, ciyawa ta bushe ƙayau, ƙura ta lulluɓe rufin kwano da ganyayen bakin titi, mutane kuma sun duƙunƙune cikin mayafai a gaban teburan masu shayi. Amma in ya ɗaga kansa sama zai ga abin mamaki. A daidai wannan lokaci da ƙasa ta tsattsage don ƙishirwa, a sa'an nan ne mangwaron garin ke cika da huda, har kan itacen ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ƙamshi ya gauraye unguwa, ƙudaje da ƙudan zuma suna ta kai da kawowa.

In baƙon mai lura ne, ba zai yi nisa ba sai ya ga wani abu kuma. Zai ga gidaje biyu maƙwabtan juna, katanga ɗaya ce ta raba su, kowanne da mangwaronsa. Na wannan gida ya yi huda har rassa sun sunkuya. Na wancan kuwa kore shar, ganye sabo ful, gwanin kyau ga ido, amma ko huda ɗaya babu. Ƙasarsu ɗaya, ruwan da ya sauka a kansu ɗaya, wataƙila ma rana ɗaya aka dasa su. Mai itacen da bai yi huda ba yakan ce bana itacensa hutawa ya yi, wani ma ya ce baki ne ya kama shi. Gaskiya ne mangwaro yakan cika 'ya'ya wata shekara ya rage wata. Amma sau da yawa in aka bi sawun maganar, sai a tarar laifin yana wuyan adda. Mai wannan gida ya yi wa itacensa aski cikin watan Yuni, mai wancan kuwa sai cikin Nuwamba ya hau nasa. Watanni biyar ɗin nan da ke tsakani su ne suka raba mai kwando cike da mai kwando wofi.

GARIN NAGWAMATSE

Kafin a shiga zancen adda da reshe, ya kamata mai karatu ya san inda ake magana. Kontagora tana arewa maso yammacin Jihar Neja, a kan babbar hanyar da ta taso daga Ikko ta ratsa Ilori da Jebba ta nufi Sakkwato. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ne ya kafa ta cikin 1864, bayan an naɗa shi Sarkin Sudan cikin 1859. Masu ba da labarin baka suna cewa sunan garin ya samo asali ne daga umurnin da ya ba mutanensa da suka iso wurin, cewa su kwantar da gorunansu, watau tafiya ta ƙare, nan za a zauna. Ya rasu cikin 1876. Zamanin ɗansa Ibrahim ne Turawa suka ci garin, cikin 1901. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja cikin 1976, Kontagora ta zama ɗaya daga cikin manyan masarautunta. Marigayi Sarkin Sudan Alhaji Sa'idu Namaska ya riƙe sarautar daga 1974 har zuwa 2021, sa'an nan Alhaji Muhammadu Barau Mu'azu ya gaje shi.

Gari ne na haɗuwar jama'a. Akwai Hausawa da Fulani, akwai Kambari da Dukkawa da Dakarkari da Kamuku, ga Nufawa da Yarbawa da Ibo 'yan kasuwa. Haka nan kuma ƙasar mahaɗar itatuwa ce, domin tana tsakanin busasshiyar ƙasar arewa da ƙasar Nufe mai laima. Ruwan sama yakan fara sauka wajen ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, ya ɗauke cikin Oktoba, abin da ke zuba a shekara kuwa yakan kai inci 40 ko fiye. Wannan ya wadatar da kaɗanya da ɗorawa da maɗaci a daji, ya kuma wadatar da mangwaro da kashu da gwaiba da lemo a gida, musamman a fadamun da ke bin Kogin Kontagora, wanda ke gangarawa har ya faɗa Kwara.

BAƘIN DA SUKA ZAMA 'YAN GARI

Yawancin itatuwan da ke yi wa titunan garin inuwa baƙi ne, sun daɗe ne har an manta. Mangwaro asalinsa ƙasar Indiya da maƙwabtanta. Kashu daga Birazil ya fito, gwaiba ma daga nahiyar Amurka. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, 'yar Indiya ce, cikin 1928 aka fara dasa ta a Barno, daga can ta bazu ko'ina cikin Arewa. Furen nan mai ƙaya da ke hawa katangun gidajen ma'aikata da makarantu, mai launin ja ko shunayya ko fari, wanda Turawa ke kira bugenbiliya, shi ma ɗan Birazil ne. Sunan wani shugaban jirgin ruwan Faransa aka sa masa, Bougainville, wanda ya kewaya duniya tsakanin 1766 da 1769.

Tare da furannin ado, Turawan mulki sun zo da al'adar aske shinge da datse rassa da almakashi, wadda masu yi musu aikin lambu a bariki suka koya. A can Ingila manoman fure suna da wata ƙa'ida tsohuwa. Suna da ƙananan itatuwa, irin su lailak da fosaitiya, waɗanda ke yin fure tsakanin Maris da Mayu, da zarar sanyin ƙasarsu ya karye. Waɗannan itatuwa tun bara suke ƙulla idon furensu a jikin reshe, su kwana da shi cikin sanyi. Saboda haka ƙa'idar ita ce, ba a taɓa su sai furen ya kaɗe, da ya kaɗe kuwa ba a jinkiri. Wanda ya aske su cikin sanyi, to, furen da bai fito ba ya zubar.

A littattafan makaranta akan fassara wannan lokaci nasu da kalmar bazara, amma kowa ya san bazarar Kontagora daban take. Tasu lokacin narkewar ƙanƙara ce, ta Kontagora kuwa lokacin zafi ne mai hana barcin ɗaki. Furannin Ingila da yawa ba su iya zama a nan ba, domin sai sun sha sanyi mai tsanani suke fure. Amma ƙa'idar ta zauna daram, domin itatuwan Kontagora masu huda da rani halinsu ɗaya da waɗancan: a tsohon reshe suke ɗaukar 'ya'ya.

ASIRIN TSOHON RESHE

Ga yadda al'amarin yake ga mangwaro. Hudarsa ba ta fita a gindi ko a tsakiyar reshe, sai a can ƙarshen tsinin reshe. Kuma ba kowane tsini ke yi ba, sai wanda ya ƙosa. Idan itacen ya yi toho da damina, sabon ganyen yakan fito ja-ja, mai laushi, ya rataya kamar tsumma. Sannu a hankali ya koma kore mai haske, daga nan ya yi duhu ya yi kauri. Reshen yana bukatar kamar wata huɗu ko biyar yana zaune ba ya ƙara tsawo, ganyensa na tara masa abinci. Sa'ad da ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe, sanyin dare na hunturu ya sauko cikin Disamba da Janairu, sai idon da ke kan ƙosasshen reshe ya fashe da huda. Reshen da bai ƙosa ba kuwa, ko sanyin ya buge shi, ganye kawai zai sake fitarwa.

Daga huda zuwa nuna akan ɗauki kamar wata huɗu. Shi ya sa tun daga Maris har cikin Mayu kasuwar Kontagora da bakin tasha suke cika da mangwaro, daga ƙananan nan masu zare da yara ke tsotsa har zuwa manyan 'yan aure, manyan motoci kuma suna lodi zuwa wasu garuruwa.

To, in an fahimci wannan, lissafin ya fito fili. Wanda ya datse rassa da zarar an gama tsinkar 'ya'ya, watau ƙarshen Mayu zuwa Yuni, ya ba itacen damina sukutum ya yi sabon toho, tohon kuma ya ƙosa kafin hunturu. Har ma riba yake ci, domin duk reshen da aka datse yakan fito da 'ya'yan rassa biyu ko uku ko fiye a ƙarƙashin yankan, kowannensu kuma tsini ne mai iya ɗaukar huda. Wanda ya bari sai Oktoba ko Nuwamba, ƙosassun tsinin da suka shirya yin huda su ya sare ya zubar. Abin da zai fito a madadinsu jariri ne, hunturu zai zo ya wuce bai isa kome ba. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ga mangwaro, da reshen bara ake cin 'ya'yan bana.

Kashu ma haka yake, hudarsa da rani take fita a ƙarshen rassa, a tsinci 'ya'yansa daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, askinsa kuma bayan an gama tsinta ne.

DALILIN DA YA SA AKE KUSKURE

Mai karatu zai ce, in abin a fili yake haka, me ya sa ake yawan sara a lokacin da bai dace ba? Amsar tana cikin yadda ayyukan shekara suka jeru wa manomi. Watan Yuni, lokacin da itace ke bukatar aski, shi ne lokacin da manomin ƙasar Kontagora ba shi da sukunin sosa ƙeya. Ga huɗa, ga shuka, ga noman farko, masara da dawa da gyaɗa duk suna jiransa. Wa zai bar gona ya hau mangwaro?

Da kaka kuwa, an kai amfani gida, hannu ya sami sarari, sai bukatun itace su taso gaba ɗaya. Uwargida tana son makamashi kafin sanyi. Ana son dirkoki da ƙafafun rumfa, ana gyaran danga da rumbu. Reshen da ya yi nauyi da damina ya kwanta a kan kwano, ganye ya toshe indararo. Wani ya taɓa wayar lantarki. Maƙwabci ya kawo ƙara cewa inuwa ta hana shanyarsa bushewa. Sai maigida ya kira yaro mai ƙarfi ya ba shi adda, ya ce ya hau ya rage. Yaro kuwa ba ya tambayar wane reshe, wanda hannunsa ya kai shi yake sara. Kafin la'asar an tara itace tsibi guda a tsakar gida, kowa yana murna, ba wanda ya lura cewa kuɗin makarantar yara na zangon bazara ne ke kwance a ƙasa.

Wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Mangwaro yana nuna ne a daidai lokacin da hatsin rumbu ya fara ja da baya, kuɗin taki da na iri kuma suka taso. Gidaje da yawa da kuɗin itace biyu ko uku suke shiga damina. A 'yan shekarun nan kuma da rashin tsaro ya hana mutane da dama zuwa gonakinsu na nesa, itacen da ke cikin gida ko bayan gari darajarsa ta ƙaru ƙwarai.

Magani a nan shi ne a raba bukata biyu. Busasshen reshe, da wanda iska ta karya, da wanda ke barazana ga rai ko ɗaki, ana cire shi ko yaushe, ba ya jiran wata. Amma babban aski na rage tsawo da buɗe itace, a ware masa yini ɗaya ko biyu a farkon damina. Itacen da aka samu a jingine shi ya bushe, zai yi amfani da kaka ɗin. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

YADDA GWANAYE KE YI

Wanda ya zauna da tsofaffin masu lambu a fadama zai ga ba sa fara aiki da hawa. Sukan kewaya itacen tukuna, su dube shi ta kowace fuska, su san abin da za su cire tun suna ƙasa. Abin da ake fara cirewa shi ne matacce da mai ciwo. Sa'an nan rassan da suka gicciye suna gugar juna, domin wurin gugar nan ƙofar ruɓa ce. Sa'an nan waɗanda suka juya suka nufi cikin itacen, da waɗanda suka miƙe sama tsaye kamar mashi, masu tsawo ba 'ya'ya, da na ƙasa masu jan ƙasa. Daga ƙarshe a bi tsinin da suka yi 'ya'ya bana a rage su kaɗan. Abin da ake nema shi ne rana da iska su ratsa tsakiyar itacen. Itacen da ya cushe laima ba ta barinsa, laima kuwa ita ke kawo cutar nan mai sa huda ta yi baƙi ta zube, 'ya'ya kuma su yi ɗigo-ɗigon baƙi.

Ba a wuce kima. In aka raba ganyen itace kashi huɗu, kada a cire fiye da kashi ɗaya a shekara guda. Tsohon itacen da ya yi tsawo har gora ba ta kai wa 'ya'yansa, ba a gille masa kai rana ɗaya. A rage gefe guda bana, gefe guda baɗi, don kada a rasa amfani gaba ɗaya, kada kuma rana ta ƙone ɓawon da ya saba da inuwa.

Wajen yanke babban reshe akwai dabara. Wanda ya sara daga sama kawai, nauyin reshen zai karye shi kafin a gama, ya ɓare ɓawo har jikin uwar. Saboda haka akan fara yanka ta ƙarƙashi, kamar taƙi ɗaya ko biyu daga jikin itacen, a shiga kamar sulusin kaurinsa. Sa'an nan a yanka ta sama, gaba kaɗan da na farko, reshen ya faɗi salin alin. Daga nan sai a cire guntun da ya rage. A gindin kowane reshe akwai wani ɗan kumburi kamar wuyan riga. Dab da shi ake yanka, ba a shafe shi, domin daga nan ne sabon ɓawo ke tasowa ya rufe ciwon. Ba a kuma barin dogon kututture, don shi ba ya warkewa, sai dai ya ruɓe ya zama hanyar gara. Ƙaramin reshe kuma a yanke shi sama kaɗan da idon da ke duban waje, a karkace, yadda ruwa ba zai kwanta a kai ba.

Zarto ya fi adda ga babban reshe, almakashin lambu ya fi ta ga ƙarami. In adda ce kaɗai ke akwai, to, a wasa ta sosai, domin dakusasshen ƙarfe farfasa itace yake yi. A zaɓi ranar da gari ya yi wasai, ba ranar da ake tsuga ruwa ba. In an yanki mai ciwo, a goge ƙarfen da ruwan bilic ko a gasa shi a wuta kafin a taɓa lafiyayye. Mai aski ya kiyayi ruwan da ke fita daga mangwaro da kashu, yana ƙona fata, yana kuma cutar ido.

Akwai kauci, wanda tsuntsaye ke dasawa a kan rassa, yana shan jinin itace har ya kashe reshen. Tsinke ganyensa aikin banza ne, domin saiwarsa tana cikin naman itacen. Sai an yanke reshen can ƙasa da inda ya kama.

Dashe sabo kuwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan ya kai kamar ƙafa uku, a datse kansa, a zaɓi rassa uku ko huɗu masu fuskantar sassa dabam dabam a bar su, sauran a cire. In ɗan aure ne, duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren a tsinke shi tun yana ƙarami, domin na uwar gindi ne, in an bar shi zai rinjayi na kirkin, a wayi gari itacen ya koma mai zare.

BA DUKA AKA TARU AKA ZAMA ƊAYA BA

Kada a ɗauka kowane itace haka yake. Akwai waɗanda a sabon toho suke fure, su kuwa aski zuga su yake yi. Gwaiba tana cikinsu, in an rage ta gab da faɗuwar ruwa sai ta yi toho da fure tare. Haka furen nan mai faɗi, ja, da ake shinge da shi a makarantu da asibitoci, ɗan'uwan rama da yakuwa, wanda ake kira hibiskus. Zogale ma in ba a datse shi ba sai ya tafi sama ya bar mai tsinka a ƙasa. Lalle kuma ya danganta ga abin da mai shi ke so: mai son ganye ya yawaita yanka, mai son ƙamshin furensa ya ɗaga masa hannu. Lemo shi ba ya son yawan taɓawa, a cire masa busasshe da masu miƙewa tsaye bayan an tsinke 'ya'ya, shi ke nan.

Bugenbiliya tana tsakani. Da damina ganye da ƙaya take yi, sai ruwa ya ɗauke take kama wuta da launi. Abin da ake gani mai launin nan ma ba shi ne furen ba, wani siririn ganye ne kamar takarda, ainihin furen ɗan ƙarami ne fari a tsakiya. Babban askinta a farkon damina ne, bayan ta gama ado. Ana iya rage mata kai kaɗan kaɗan har wajen Agusta, daga nan sai a ajiye almakashi. Mai aikin lambun da ke bin ta da almakashi kowane mako don shinge ya yi daidai kamar an ja layi, zai sami shingen, amma launin ba zai gan shi ba.

Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce. Mutum ya lura da itacensa shekara guda. In ya ga furen a kan reshe mai tauri, mai duhun ganye, ya fito, to, ya jira sai an gama cin amfani. In a kan ɗanyen toho ya fito, ya yi aski kafin lokacin toho.

A BAYAN GARI

Wanda ya fita ta hanyar Rijau ko ta Tegina zai ga gonaki da itatuwa tsaye jefi jefi a cikinsu, waɗanda kakanni suka bari da gangan sa'ad da suke sassabe. Yawancinsu ɗorawa ce da kaɗanya, su ma kuma da rani suke huda. Cikin Fabrairu ɗorawa takan rataye jajayen tutunta kamar an yi mata ado da tuntaye, zuwa Afrilu da Mayu 'ya'yan su nuna, a sami garin ɗorawa, da kalwar daddawa, da makubar shafe daɓe. Mai haƙuri da gora mai ƙugiya yake tsinka. Mai gaggawa kuwa sai ya sare reshen dungum don ya tsinka a ƙasa, ya ci na bana ya kashe na shekaru masu zuwa.

Kaɗanya ta fi ban tausayi. Takan shekara goma sha biyar ko ashirin kafin ta fara 'ya'ya, amma in ta fara tana iya ciyar da jikoki da tattaɓa kunne. Ba a hawanta, 'ya'yan da kansu suke faɗowa da farkon damina, mata su tsinta su yi man kaɗe, Jihar Neja kuwa tana sahun gaba a ƙasar nan wajen wannan sana'a. Abokan gabanta biyu ne: mai gawayi, wanda ke son ta don ƙarfin itacenta, da wutar daji ta tsakiyar rani, wadda ke babbake huda. Buhunan gawayin da ake jerawa a bakin hanya, da yawansu kuɗin cefanen wata mata ne na shekara da shekaru aka ƙone cikin mako guda.

Makiyaya kuma, in ciyawa ta ƙare da bazara, sukan hau maɗaci da kawo da madobiya da barandami su saro wa shanu ganye. Tsohuwar al'ada ce, masu hankali daga cikinsu kuwa ba sa aske itace ƙwal, sukan bar masa kai, su kuma ba shi hutu kafin su komo. Itacen da ake askewa kowace shekara ba ya samun yin iri, daji kuwa in ba iri ba ya haihuwa. Madobiya ma, saboda yawan saranta da aka yi ana kai katakonta ƙasar Sin, sai da taron ƙasashen duniya ya sa ta cikin jerin itatuwan da aka ƙayyade cinikinsu, cikin 2016.

Amma addar da ke kashewa ita ce kuma ke rayarwa, shaida tana ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Cikin 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan kurmin da manoma ke sarewa kowace shekara a gonakinsu ba ciyayi ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka fara zaɓen toho mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, a bar su, a cire sauran, a rage musu rassan ƙasa. Manoman can suka sa wa abin suna sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka tashi a fili mai faɗin hekta miliyan 5, ba tare da an dasa su ba. Ƙasar Kontagora ta fi Maraɗi ruwa nesa ba kusa ba, kututturanta kuma suna nan da rai.

IN RUWA YA SAUKA

Baƙon da ya ga Kontagora cikin hazo, in Allah ya komo da shi cikin Yuni, zai tarar da wani gari dabam. Ƙura ta kwanta, fadama ta yi kore, kogi ya kawo, mangwaron ƙarshe ya bar kasuwa, sai ƙwallaye a bakin kwata. Kowa ya nufi gona tun da asuba. A wannan lokaci ne, in ya kasa kunne da yamma, zai ji ƙarar zarto daga wani lambu, ya ga dattijo tsaye a ƙasa yana nuna wa yaron da ke sama reshen da zai cire da wanda zai bari. Mai wucewa zai ga kamar ɓarna ake yi wa itacen da ya gama ciyar da gida jiya jiya. Amma in Janairu ta kewayo, hunturu ya busa, itacen nan ne zai fara sunkuyawa da huda, maƙwabci kuma ya leƙo ta kan katanga yana tambayar wane irin taki aka zuba masa.